Kada Ka Hau Jirgin Nan, Yaya Casimir

Daga gida, kusa da Espalion
12 ga Disamba, 1915

Zuwa ga yayana Casimir,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Léonie da yara. Allah ya tsare ku daga ciwo da asara, ya sa albarka a alkamarku, don na san yanzu can Pigüé ta Ajantina kuna wasa lauje cikin zafin rana, mu kuwa nan dusar ƙanƙara ta riga ta toshe hanyar tudun Aubrac. A kan teburin Inna nake rubuto maka, wannan dai mai gurguwar ƙafa da Baba ya rasu bai gyara ba. Hutun jinya aka ba ni saboda cinyata, saura kwana tara in koma bataliya. Raunin ya rufe, ɗingishi ne kawai ya rage. Inna tana nan lafiya, ta rame, amma har yanzu ita ke tatsar shanu ba ta yarda kowa ya taɓa mata su. Ƙanwarmu Noémie ta sauka lafiya, an samu namiji, an sa masa Urbain, sunan marigayi ɗan'uwanmu, ubansa bai gan shi ba tukuna. Dankali ya yi kyau bana. Ran da na iso Inna ta tuƙa min shi da cuku, na ci har na ji kunyar kaina.

Wannan takarda ba ta gidan waya za ta bi ba. Ɗan'uwan mijin Noémie yana aiki a jirgin da ke tashi daga Bordeaux, shi zai sa ta a aljihu ya kawo, don haka ba mai almakashin da zai yanke min magana. Taka takardar na karanta wa Inna sau uku. Ka ce ƙaramin jakadan Faransa ya aiko maka da kira na biyu, in ba ka hau jirgi kafin ƙarshen Fabrairu ba za a rubuta ka cikin waɗanda suka ƙi amsa kiran ƙasa, a manna sunanka a ƙofar magajin gari, kuma duk ran da ka taka Faransa 'yan sanda ne za su tare ka. Ka ce tsoho Ginestet mai kanti ya karanta muku labarin bataliyarmu a jarida, aka sha giya aka yi waƙa, sannan ya dube ka a gaban jama'a ya ce ƙannenka biyu sun zubar da jini kai kana nan kana auna alkama. Ka ce ba ka iya barci, ka fi son ka zo kai ma ka faɗi a fagen fama yadda Urbain ya faɗi. To Yaya, tunda haka kake so, ya kamata ka san yadda ya faɗi ɗin. Gani ya kori ji, ni kuwa ina wurin.

Cikin watan Agusta aka kawo mana sabon manjo, Tessandier, daga wani ofishi inda ya shekara yana cin yaƙi da jan fensir a kan taswira. Dogo ne, gashin bakinsa a murɗe, da farar safar hannu wadda wani soja ke wanke masa kullum. Ba a yi kwana uku ba mutanenmu suka sa masa Zakara, don ba ya magana sai ya sami tudu ya hau. Mu kuwa ka san ko su waye, makiyaya da magina da masu noman dankali, rabinmu in ya yi Faransancinsa na makaranta sai Saje ya juya mana shi da harshen gida. Saje ɗin nan, Marcillac, magini ne daga Bozouls, ya haura arba'in, kuma shi kaɗai ne cikin masu igiya ban taɓa yi wa mugun fata ba. Mako uku muka yi muna haƙa a farar ƙasar Champagne, mai tauri kamar allin makaranta, muna matsawa kusa da ramukan Jamusawa. Hannuwanmu suka fashe, amma ba wanda ya yi ƙorafi, don a can shebur ya fi bindiga ceton rai.

Ana gobe za a kai hari, Zakara ya tara mu, ya hau akwatin harsashi. Ya ce kowa ya ajiye shebur da diga, za a loda su a keken doki su biyo mu daga baya. Dalilinsa shi ne, wai sojan da ke da shebur a kugu tunanin ɓuya yake yi, wanda ba shi da komai sai wuƙar bakin bindiga kuwa gaba kawai ya sani. Saje Marcillac ya sara masa, ya ce cikin ladabi ko a bar wa kowane mutum huɗu shebur ɗaya, saboda juya rami. Zakara ya dube shi daga hula har takalmi ya ce, “Saje, ba noma na kawo ku ba.” Hafsoshin da ke bayansa suka yi dariya, irin dariyar da ake yi wa maigida. Muka bi layi muka zubar da shebur ɗinmu tuli guda, wasu har sun sassaƙa sunansu a ƙota.

Bari in faɗa maka abin da ake nufi da juya rami, ba sai na yi dogon bayani ba tunda kai ka taya Baba gina bukkar dutsenmu a kan Aubrac. Ka tuna yadda ya zage ka da ka fara jera dutsen ƙofa ta arewa, ya ce ko jaki ya san ya juya wa iska baya. To ramin yaƙi ma yana da gaba da baya. Ta gaba ake tara tudun ƙasa, a yi dakalin da mutum zai hau ya yi harbi, a shimfiɗa waya mai ƙaya. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa kuwa ƙofofinsu baya suke kallo, don kada harsashin igwa ya shigo. Ramin Jamusawa mu yake kallo. Ran da ka ƙwace shi ka shiga, komai nasa ya koma a juye, tudun yana bayanka, dakalin yana bayanka, ƙofofin kuma sun buɗe baki ga masu shi. Sai ka yi maza ka sare sabon dakali, ka ɗaga sabon tudu, ka toshe ƙananan ramukan da ke zuwa daga wajensu, kafin su dawo. Kuma suna dawowa, ba su taɓa fashi ba. Duk wani kurtu da ya yi wata biyu a can ya san wannan.

Kwana uku igwoginmu suna ruwan wuta. A rana ta huɗu, bayan ƙarfe tara na safe, ana yayyafi, aka busa usur muka fita, mu wajen ɗari takwas. Ni da Urbain kafaɗa da kafaɗa. Ramin farko ba mu sha wuya ba, ya zama turɓaya, waɗanda suka rage a ciki hannu kawai suka ɗaga, wani dattijo mai tabarau har yana miƙa min taba. Tsakanin na farko da na biyu ne wata bindiga mai jigida ta buɗe mana daga hagu, inda taswirar Zakara ta ce babu kowa. Ba zan ba ka labarin wannan fili ba. Ka dai san yadda ciyawa ke kwanciya bayan lauje. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya muna cikin rami na biyu, mu kamar ɗari biyar, kuma wannan ita ce nasarar da Ginestet ya karanta muku. Har nan jarida ba ta yi ƙarya ba, a nan dai ta ajiye alƙalami.

Ramin ya fi tsayin mutum, an gina shi da kyau, wannan kam ba zan hana Jamusawa ba. Amma in ka juya wajen da za su fito, ba abin da kake gani sai farin bango da sama. Saje ya ce a fara sara. Da me? Da wuƙar bindiga, da kwanon abinci, da hular kwano, da farce. Ka yi tunanin mutum ɗari biyar, waɗanda kowannensu zai iya haƙa maka rijiya, suna ƙwaƙular dutse da kwanon miya. Sau biyu Saje ya aika a tambayo shebur. Amsar da ta dawo ita ce kekunan sun maƙale, domin an cika hanya da sojan doki masu jiran mu fasa musu ƙofa su yi sukuwa har ƙasar Jamus. Wani ɗan garin Laguiole da ke kusa da ni ya ce to a aiko mana da dawakin mana, ko kofatonsu ya fi kwano.

Da azahar, bayan harbi ya lafa, sai ga Zakara, safar hannu fara tas, mutum biyu na biye da shi ɗauke da akwatinsa da tarho. Bai dubi bangon da muke ƙwaƙula ba. Abin da ya ɗauke masa ido ɗakin hafsan Jamusawa ne, matakala ashirin zuwa ƙasa, bango na katako, da gado da murhu har da madubi. Ya shiga ya fito yana murmushi, ya ce nan ne mazauninsa, daga nan zai aika wa Kanar labari. Sai dai wai wurin yana warin Bajamushe, a ba shi mutum shida su fitar da tarkace su share. Ya bi layi yana zaɓe kamar mai sayen maruƙa. Da ya ji Urbain ya yi shekara biyu yana hidima a gidan shan kofi na Kawu a Paris, ya ce yauwa, ga wanda ya san tsabta. Urbain ya ajiye kwanonsa ya kakkaɓe hannu, ya ƙifta min ido ya ce, “Firmin, ci gaba da tono, ni an yi min ƙarin girma.” Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Na dubi ƙofar nan. Na ce wa Saje ƙofar tana kallon iska. Ya ce ya gani. Ya je ya sami Zakara ya ce a bari a tara buhunan ƙasa a bakinta tukuna kafin a sa mutane ciki. Ka san abin da mutumin nan ya ce, mai takardun makarantar hafsoshi? Ya ce Jamusawan da suka gina ɗakin ba wawaye ba ne, kwana uku igwoginmu suna dukansa ko tsagewa bai yi ba, saboda haka babu inda ya fi shi aminci a duk fagen. Saje ya ce ranka ya daɗe, ai namu ta ƙeya suka buge shi, nasu ta baki za su shigo. Zakara ya ce in ya ƙara jin kalma ɗaya zai cire masa igiyoyi a gaban mutanensa. Daga nan ya ce ƙura tana damunsa, zai koma baya ya gana da Kanar da kansa kafin a gama sharar. Ya tafi, mai akwati na biye.

Wajen ƙarfe uku igwogin Jamusawa suka fara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuwa shekara guda suka yi a ramin nan, sun san kowane lungu da tazararsa, ba sai sun yi lalube ba. Harsashi na farko ya faɗi a baya, na biyu a gefe. Na uku ko na huɗu ya shiga ƙofar nan kai tsaye kamar an jefa takarda a akwatin gidan waya. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashina, farin hayaƙi ya fito, shi ke nan. Ban samu na je ba, domin a daidai lokacin suka ɓullo ta ƙananan ramukan da ba mu toshe ba, suna jifa da gurneti. Muka riƙa taka akwatunan harsashi, wani ya taka bayan wani, don mu leƙa mu yi harbi. Inda ya kamata a tara buhu muka tara abin da muke da shi, kuma kada ka tambaye ni mene ne. Kwana biyu muka riƙe ramin nan, ba don tuta ba, don babu inda za mu. Zakara tarho ya riƙa bugowa daga baya yana cewa a tsaya har mutum na ƙarshe.

Da safiyar kwana na biyu aka ɗan sarara, ni da Saje muka yaye bakin ƙofar da hannu. A matakala ta uku muka same shi, yana hawowa ke nan da shara. Fuskarsa ba ta ɓaci ba, farar ƙura ce kawai ta rufe shi kamar mai aikin injin niƙa. Tsintsiya tana hannunsa, Yaya, doguwar tsintsiyar Jamusawa mai ƙotar katako. Bindigarsa tana can jingine a bango inda aka ce ya ajiye ta. Na ɗauki agogon Baba daga aljihunsa, na rufe masa ido, ban iya fito da shi ba. A rana ta uku aka ce mu koma inda muka taso. A hanyar ne ƙarfe ya same ni a cinya, kuma ina kan kafaɗar Saje muka yi kiciɓis da shebur ɗinmu, an kawo su a ɗaure dami dami da waya. Mu ɗari biyu da 'yan kai muka wuce su, ba wanda ya ko tofa musu yawu. Urbain yana can har yau, ramin ya koma hannun masu shi, ƙofar ta koma kallon inda aka gina ta ta kalla.

Zakara ya sami lambar yabo. Shi ne kuma ya rubuto wa Inna cewa ɗanta ya faɗi yana kan gaba, bindiga a hannu, sunan Faransa a bakinsa. Na ji irin wannan takardar ce ya aika gida shida, sunan kawai ake sauyawa. Fada, limamin cocinmu, ya karanta mata, ta ninke ta ajiye bayan hoton Maryamu. Na yi niyyar in bar ta da wannan. Amma shekaranjiya muna feraye dankali, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce in faɗa mata gaskiya, ita ta san Urbain, bai taɓa shiga gaba a komai ba sai a wajen cin abinci. Na faɗa mata duka. Ta ajiye wuƙar, ta ce shekara ashirin da biyu tana fama da yaron nan, ko sau ɗaya bai taɓa ɗaukar mata tsintsiya ba. Sai a lokacin ta yi kukan da Noémie ta ce ba ta yi ba ran da takardar ta zo.

Shi kuwa Ginestet, inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Mutumin da ya bar yankinmu na Aveyron tun kafin a haife ni, wanda yaƙin da ya sani bai wuce na ɓeraye a buhun sukari ba, shi ne zai auna maka jinin ƙannenka? Ka gaya masa jirgin yana ɗaukar tsofaffi ma, kuma Zakara kullum yana neman mai shara. Irinsa muna da su a nan, suna zaune bakin murhu a Espalion suna matsar da ashana a kan tebur, wannan ita ce runduna ta kaza, ga inda za a ɓullo. Jiya ɗaya ya tare ni yana tambaya me ya sa ba mu ci gaba ba tunda mun fasa. Na dube shi kawai. Da na buɗe baki da yanzu daga kurkuku nake rubuto maka.

Ba zan ɓoye maka tsadar abin da nake roƙonka ba. Na je ƙofar magajin gari na gani da idona. Takarda biyu ce a manne. Ta hagu sunayen waɗanda suka mutu, goma sha ɗaya, Urbain ne na tara. Ta dama waɗanda suka ƙi zuwa, suna biyu, duka mutanenku na Pigüé. Maza in sun zo wucewa sukan cire hula ga ta hagu, su yi tsaki ga ta dama. Uwar Sylvain Cayla, wanda ke kan ta dama, ta daina zama a bencin gaba a coci, kuma an fasa mata gilashin taga sau ɗaya. In sunanka ya hau, Inna za ta sha irin wannan. Kai kuma ba za ka sake ganin Aubrac ba sai ka yi furfura, ita kuwa mai yiwuwa ba za ka sake ganinta ba sam. Amma na ga wani abu kuma. Ranar da mai kawo wasiƙu ya zo, na ga uwar Sylvain ta fito kanta a sunkuye, ambulan mai tambarin Ajantina a cikin zanen gabanta, matan nan na takardar hagu suna tsaye bakin rijiya suna bin ambulan ɗin da ido. Sun ce raini ne. Ni na ga idon, ba raini ba ne.

Ni ba ni da zaɓi, zan koma, kuma Zakara yana nan, an ce ma za a ƙara masa girma. Kai kana da teku tsakaninka da shi, da mata, da 'ya'ya uku. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Na tambayi Inna me zan rubuta maka da sunanta, na gaya mata har maganar taga da benci, don kada ka ce na rufe ta. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba: “Ka ce masa ina da ɗa ɗaya a takardar hagu, ga wani zai koma saura kwana tara. Shi ta dama nake so. Tunda ban iya karatu ba, Fada zai nuna min inda sunan yake, in riƙa taɓa shi duk Lahadi in zan wuce.”

Ka gaishe min da Léonie, ka ce mata safar da ta saƙa ta iso, ita ce a ƙafata yanzu. Ka shafa min kan Mélanie da Baptistin da ƙaramar da ban taɓa gani ba, a ɗauke su hoto a aiko wa Inna, kai ma ka shiga ciki. Noémie tana gaishe ku, haka Kawu daga Paris, haka Saje Marcillac wanda bai san ka ba amma ya ce in gaya maka magini ya gaishe da mai hankali. Agogon Baba yana cikin ƙunshin nan, na Baptistin ne in ya girma, ba na so in koma da shi can. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu in da rabo.

Ni ne ƙanenka,
Firmin

Gicciyen da ke ƙasan nan Inna ce ta yi da hannunta, a madadin sunanta. Ramin da ka gani a tsakiyarsa ba asu ba ne, danna alƙalamin ta yi har ya huda takardar.